Kafin ka goge Windows saboda gem: amsoshin wasiƙunku

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, wasiƙun da ke zuwa mini kan Linux, wato babbar manhajar kwamfuta ta kyauta da ake iya sawa a madadin Windows, suka ƙaru, kuma yawancinsu a kan gem suke. Ga huɗu daga ciki.

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Assalamu alaikum Malam. Laftof ɗina Core i5 ce 'yar gwanjo, ta ƙi karɓar Windows 11. Abokina ya ce in sa mata Linux, wai duk gem ɗina za su tashi. Gaskiya ne? Kuma ta yaya gem ɗin da aka yi wa Windows zai yi aiki a inda babu Windows?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya faɗi gaskiya, amma kalmar "duk" ɗin nan ce ya yi wa ƙari.

Abin da ke faruwa aikin tafinta ne. Gem ba shi da hannun da zai taɓa na'urarka da kansa. In yana son zana hoto, ko fitar da sauti, ko sanin maɓallin da ka danna, sai ya roƙi babbar manhajar kwamfuta, kuma da yaren Windows kaɗai ya iya roƙon. Linux ba ya jin wannan yare. To sai aka ajiye wata manhaja a tsakaninsu mai suna Wine, tana karɓar roƙon tana juya shi nan take zuwa wanda Linux ke ganewa. Ba ta gina wata kwamfutar bogi a cikin taka, ba ta kuma buƙatar kwafin Windows. Lissafin gem ɗin yana tafiya ne kai tsaye a kan injin laftof ɗinka. Shi ya sa saurin ba ya raguwa sosai kamar yadda mutane ke zato. Tun 1993 aka fara wannan aiki, Alexandre Julliard ke jan ragamarsa tun 1994, kuma sai a 2008 aka fitar da sigar da suka yarda su kira ta farko. Shekara goma sha biyar ke nan ana bin roƙe-roƙen Windows ɗaya bayan ɗaya ana koyon amsa su. Ina jinjina wa mutanen nan ƙwarai.

Duk da haka, a da sai mai haƙurin gaske ke iya tayar da babban gem da Wine. Lamarin ya sauya a watan Agustan 2018, lokacin da Valve, masu kasuwar gem ta Steam, suka haɗa kai da kamfanin CodeWeavers suka fito da Proton. Wine ce dai aka yi wa ƙarin kayan aiki, kuma mafi muhimmanci a cikinsu shi ne DXVK, wanda Philip Rebohle ya fara, mai juya yaren zanen hoto na Windows, wato Direct3D, zuwa wani yaren da ake kira Vulkan. Yanzu Steam kawai za ka sa, ka danna gem, ya tashi. Na kasuwannin gem na Epic da GOG kuma akwai manhajar Heroic, ga Lutris don tsofaffin da ke ajiye a faifanka.

Vulkan ɗin nan shi ne inda 'yan gwanjo ke tuntuɓe, don haka kada ka tsaya kan 'yar takardar da aka manna kusa da maɓallai mai cewa Core i5. Shiga bayanan kwamfutar ka karanta lambar da ke biye. In ka ga 2520M, zubi na biyu ne, na'urar hotonsa ba ta san Vulkan ba sam. In 3320M ne ko 4300U, zubi na uku da na huɗu ke nan, sun san shi rabi da rabi, kuma sababbin sigogin Proton kan ƙi su. In kuwa ka ga 6300U ko 7200U, ka yi sa'a: su ma Windows 11 ya ƙi su, alhali Vulkan ɗinsu a Linux cikakke ne. Mai tsohon zubi ma ba a rufe masa ƙofa ba; zai iya rubuta PROTON_USE_WINED3D=1 %command% a zaɓin tayar da gem a cikin Steam, sai a bi da shi ta tsohuwar hanyar OpenGL, wadda ke ɗaukar tsofaffin wasanni marasa nauyi. Abu ɗaya dai nake so ka riƙe: Linux ba ya ƙara wa na'ura ƙarfin da ba ta da shi. Gem ɗin da ke jan ƙafa a Windows saboda raunin na'urar hoto, a can ma haka zai ja.

Sai ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen wasannin da kake bugawa da gaske, ba waɗanda ke kwance a faifai ba. Ka neme su a shafin ProtonDB, inda masu bugawa ke ba da rahoton abin da suka gani da idonsu. Wanda aka ba Platinum yana tashi ba tare da ka taɓa komai ba, Gold yana son ɗan gyara, Borked kuwa ka haƙura da shi. Kuma ka lura da data. Steam a Linux yakan sauko da wasu ƙarin fayilolin zane don gem ya daina sarƙewa, yana kuma sabunta su a kai a kai. Wanda ke sayen data da kuɗin abincinsa zai iya kashe wannan a saitin sauke kaya, ya jure 'yar sarƙewar mintunan farko.

Kada ka goge Windows yau. Zuba Linux Mint, ɗaya daga nau'o'in Linux, a filash ka tayar da kwamfutar da shi, ka ga ko sauti da intanet suna aiki. In sun yi, raba faifanka biyu, ko ka sa wani ƙaramin faifai daban, ka zauna da su duka biyun na wata guda. Gem ɗin kuma ka zuba su a ɓangaren Linux, domin tayar da su daga ɓangaren Windows yakan jawo matsalolin da ba ka san daga ina suka fito ba. Waɗanda ake zuba wa mutane a shago kuwa, irin da aka fasa makullinsu, ka sani Wine tana fassara wa ƙwayar cuta kamar yadda take fassara wa gem, kuma tana iya kaiwa ga takardunka na makaranta.

Wani bawan Allah daga Kano ya ce: "Ina shirin buɗe gidan gem da kwamfutoci shida. An ce Linux kyauta ne, ba sai na sayi lasisi ba. Ƙwallo yaran unguwa suka fi so, sai na harbi."

Alhaji, Allah Ya sa albarka a sana'ar, amma ban ba ka shawarar haka ba, kuma dalilin yana cikin jimlarka ta ƙarshe. Wasannin da ake karawa da mutane ta intanet suna zuwa da manhajar hana maguɗi, kuma masu tsananin cikinsu ba sa tsayawa a zaure; sai sun shiga can ƙuryar Windows sun zauna suna sa ido a kan duk abin da ke motsi a kwamfutar. Tafinta yana fassara magana ne, ba shi da ƙuryar da zai ba mai gadi ya zauna. Kamfanin EA ya sa irin wannan mai gadi a ƙwallonsa tun daga FIFA 23 a 2022, kuma jerin FC da suka biyo baya sun gaje shi. Ba sa tashi a Linux, ko da yara biyu ne za su kara a zaune kusa da juna. Haka Fortnite, da Valorant, da PUBG na kwamfuta, da sababbin Call of Duty.

Abin da ya fi damuna a madadinka shi ne wanda ke aiki yau ma ba ka da tabbas a kansa. A 2021 manyan manhajojin hana maguɗi biyu, Easy Anti-Cheat da BattlEye, sun buɗe wa Proton hanya, amma sun bar wa kowane mai gem zaɓin ya kunna ko ya ƙi. Apex Legends ya yi shekaru biyu da wani abu yana aiki lafiya, sai a ƙarshen Oktoban 2024 masu shi suka rufe wa Linux ƙofa. Wata guda kafin nan ɓangaren intanet na GTA V ya tafi haka, aka bar mutane da wasan labari na mutum ɗaya. Ɗalibi in hakan ta same shi haushi kawai zai ji. Kai kuwa yaran za su tsallaka titi ne zuwa wani gidan, ga kuɗin haya da na man janareta suna jiranka. Ka zauna a kan Windows mai lasisi, ko ka sayi PlayStation kamar yadda akasarin masu wannan sana'a ke yi. Counter-Strike 2 da Dota 2 suna da sigar Linux ta kansu, amma ba su ne za su cika maka benci ba.

Wata uwa daga Abuja ta tambaya: "Ɗana ya dame ni da Steam Deck, na kuma yi masa alkawari in ya ci jarrabawa. Na ji an ce ba Windows ce a ciki ba. Kada in kashe kuɗi a banza."

Hajiya, ba a banza ba ne, in dai kin yi masa tambaya guda kafin ki biya. Steam Deck kwamfuta ce ta riƙewa a hannu da Valve ya fitar a Fabrairun 2022, mafi arahar ta a lokacin dala 399, sannan mai ingantaccen allo ta biyo a Nuwamban 2023. Linux ne a cikinta, kuma Proton ɗin da na yi bayani a sama shi ke tayar da yawancin wasanninta. A nan ne ma ya fi nuna kansa, domin kamfani ɗaya ne ya haɗa na'urar da tafintan. Na taɓa miƙa wa wani yaro ɗan shekara goma sha biyu irinta. Ya danna hoton gem, ya jira 'yan daƙiƙoƙi, ya jingina da bango ya kama bugawa, bai taɓa sanin akwai wata fassara da ke gudana a ƙarƙashin yatsunsa ba. Kowane gem da aka gwada a kasuwar Steam yana da alama: kore ya dace da na'urar, rawaya yana yi amma da ɗan wahala, mai da'ira da layi a tsakiya kuwa ba ya yi.

Tambayar ita ce: wane gem yake son bugawa da abokansa? In ya ce FC ko Fortnite, to Steam Deck za ta ba shi kunya tun ranar farko, gara ki duba wata na'urar. In wasannin labari da tsere da yawon duniya ne, zai ji daɗinta. Ki kuma sani Valve ba ya sayar da ita kai tsaye a Najeriya, ta hannun 'yan kasuwa take shigowa, don haka garantin mai shago ne kawai a hannunki. Kada a yi cinikin biri a sama: a kunna ta a gabanki, a gwada sandunan biyu da kowane maɓalli, a sa caji a gani. Wasannin ma da dala ake sayensu, sai dai Steam na mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga awa 2 ba, wanda ya isa a gane ko gem ya karɓi na'urar.

Ta ƙarshe daga wata 'yar'uwa ce mai aikin zane a Kaduna: tana da MacBook mai injin M1, tana so ta san ko Proton zai yi mata.

Ba zai yi ba, 'yar'uwa, na Linux ne kaɗai. Kuma tun da Apple ya koma injinsa na kansa a 2020, hanyar nan ta zuba Windows a gefe da Boot Camp ta rufe. Abin da ya rage miki shi ne CrossOver, na CodeWeavers ɗin nan dai, ita ma Wine ce a ƙarƙashi. A kwamfutarki fassarar biyu ce, ta yaren Windows da ta yaren injin kansa, don haka waɗanda ke tashi ba su kai na Linux yawa ba, kuma masu manhajar hana maguɗi a nan ma a waje suke. Manhajar Whisky ta kyauta da za ki ga ana ambata, mai ita ya daina kula da ita a 2025, kada ki dogara da ita. CrossOver ta kuɗi ce, amma suna ba da gwajin kwana 14. Ki sauke, ki zuba ainihin gem ɗin da kike so, ki buga shi har laftof ɗin ta ɗau zafi ki ga ko saurin ya tsaya, kafin ki ciro katinki.