Ango, ka kama tebur tun ƙarfe 5, kuma ka tambayi abin da ke cikin miyar

Ango, na ga tambayarka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce a watan Disamba za ka kawo amarya Landan, kun riga kun sayi tikitin kallon wasan kwaikwayo na ƙarfe 7:30 na dare a West End, unguwar gidajen wasa da ke tsakiyar birnin, kuma ita ce ta ce abincin Italiya take so ku ci kafin ku shiga. Kana son sanin ƙarfe nawa ya kamata ku zauna, da kuma abin da Musulmi zai ci babu wasiwasi. To, Allah ya sanya alheri. Shekarata 13 a garin nan, kuma wannan hidimar ta taɓa ba ni kunya a gaban uwargida, don haka ina da bakin magana.

Karon farko da na kai ta, tebur na kama mana na ƙarfe 6:15 a wani gidan abinci da ke unguwar Soho, cikin West End ɗin, ina ganin ai sa'a ɗaya da kwata ta ishi mutum ya ci ya sha har ya yi sakace. Ranar Asabar ce. Ba mu samu zama ba sai 6:25, don waɗanda ke kan teburin namu ba su tashi ba. Ni kuma da son burgewa na ce a kawo mana abin buɗe baki, sannan risotto, wato shinkafarsu mai danƙo, sannan kifi. Ashe ita wannan shinkafar ba a ajiye ta a dafe. Sai ka nema ake ɗora ta, mai girki ya tsaya a kanta yana zuba romo kaɗan-kaɗan yana juyawa, kusan minti 20. Ƙarfe 7:10 kifi ya iso. Na ɗaga hannu ina neman takardar kuɗi, masu hidima suna ta giftawa da faranti, babu mai kallona. Da muka fito, sai ga ni gaba ina kutsawa cikin jama'a a Shaftesbury Avenue, uwargida a baya da takalmi mai tsini tana riƙe da gefen mayafi. Minti shida muka makara. Wata yarinya mai fara'a a bakin ƙofa ta ce mu yi haƙuri, an riga an ɗaga labule, sai an kai wurin da shigarmu ba za ta dami kowa ba. Ta nuna mana wata 'yar talabijin a bango, a nan muka kalli farkon wasan da na biya wa kuɗi masu nauyi, a tsaye, kamar yaran da suka leƙa gidan kallon ƙwallo ta taga. Uwargida ba ta ce uffan ba. Wanda ya yi aure ya san wannan shirun.

Kada ka ɗauka abin ya tsaya a minti goma ko sha biyar. Wasu gidajen, musamman Royal Opera House da ke Covent Garden, suna iya riƙe wanda ya makara har sai an tafi hutun rabin lokaci. Labulen nan ba ɗaurin aure ba ne da za a ce a jira waliyyi.

Saboda haka ka kama tebur na ƙarfe 5, in ya yi nisa 5:15, kuma ka yi haka tun yanzu ta intanet, don a Disamba unguwar nan ba ta da masakar tsinke. Gidajen abinci da yawa a Soho da Covent Garden suna da wani ɗan gajeren jerin abinci da suke rubuta wa pre-theatre, na masu zuwa kallo: kala biyu ko uku a kan kuɗi tsayayye, ya fi arha, kuma yawanci ana daina bayar da shi wajen ƙarfe 6 ko 6:30. Amfaninsa ba arhar kaɗai ba ce. Abubuwan da ke cikinsa an zaɓe su ne don suna fitowa daga kicin da sauri. Da zarar kun zauna, kafin ma ka duba jerin, ka gaya wa mai hidima cewa wasanku 7:30 ne kuma kuna son tashi 6:40. Sun saba, kullum aikinsu ke nan. Wani abin da ban sani ba a wancan karon: a al'adar Italiyawa, kawo wa baƙo takardar kuɗi bai nema ba kamar korarsa ce. Ba za su kawo ba. Kai za ka nema, kuma ka nema tun lokacin da kake faɗin abin zaƙin da za ku rufe da shi, ba sai kun ajiye cokali ba. Za ka ga an ƙara kashi 12.5 cikin ɗari na ladan hidima. In yana ciki, ba sai ka ƙara komai ba. In aka tambaye ku wane ruwa, mai gas ko marar gas, duka biyun na kwalba ne na kuɗi. Ruwan famfo kyauta ne, kuma doka ce a ba ka in ka nema a duk inda ake sayar da barasa.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Italiyawa suna da hannu a girki, wannan babu musu, amma alade da giya sun shiga cikin abincinsu ta hanyoyin da ido ba ya gani, kuma sunan abinci ba ya faɗa maka. Taliyar carbonara, wadda matasanmu suka fi sani, da naman kumatun alade ake yinta, suna ce masa guanciale. Amatriciana ma haka, duk da a ido miyar tumatir ce zalla. Bolognese da lasagne, ko da an rubuta naman sa, girkin asali yana da pancetta, wato kitsen cikin alade, da giya. Tortellini, 'yan ƙananan ƙulle-ƙullen nan masu kyan gani, alade ne a cikinsu. Risotto ɗin da ya makarar da ni, daga baya na gane kusan kullum sai an watsa masa farar giya kafin romo, romon kuma sau da yawa na kaza ne ko na nama. Taliya da 'yan ƙwanson teku da suke kira vongole, ita ma da farar giya. Pizza mai pepperoni alade ce, duk da cewa kalmar peperoni mai harafin p ɗaya a tsakiya tattasai take nufi a Italiyanci, abin da ya rikita mutane da yawa.

Wanda ya fi kama Bahaushe shi ne 'nduja. Wani abokina ɗan Zariya, wanda ba ya cin abinci sai da yaji, ya ga an kawo wa maƙwabtan teburinmu wani jan abu a kan burodi, yana ƙyalli kamar dakakken attaruhu da aka soya da mai. Ya ce shi ma a kawo masa. Allah ya sa na tambaya. Naman alade ne da kitsensa aka niƙa da barkono, abincin mutanen Calabria a kudancin Italiya, kuma a 'yan shekarun nan ya cika gidajen abincin Landan, a kan pizza, a cikin taliya, har a kan kifi. In ka ga wannan suna, ka tsallake.

Kada kuma ka dogara da alamomin da ke gefen jerin abinci. Dokar ƙasar ta wajabta musu bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da borin jini, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi da alkama. Alade ba ya cikin 14 ɗin, giya ma ba a lissafa ta da sunanta ba. Da bakinka za ka tambaya, kuma ka raba tambayar biyu: akwai alade kowane iri, har da wanda aka sa don ɗanɗano? An sa giya a girkin? In ka ce kawai ba ka cin alade, wani mai hidimar tsokar da ake gani kaɗai zai tuna. Mai hidimar kirki zai ce bari ya tambayo kicin. Wannan amsar ta fi kwantar mini da hankali a kan wanda ya ce babu da sauri. Naman sa da kaza kuwa, ka ɗauka ba yankan Musulmi ba ne sai in an rubuta. Na san mutane sun sha bamban a kan yankan Ahlul Kitabi, ni ba malami ba ne, abin da nake yi dai shi ne in tsaya a kifi da ganye. Haka maganar cukun Parmigiano da ake barbaɗawa a kan taliya: da wani sinadari na cikin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa. Wasu suna ci, wasu suna cewa a bar musu. Ku yanke shawara tun a masauki, kada ku tsaya muhawara mai hidima na riƙe da magogi a kan farantin amarya.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne, kuma shi ne ma mai daɗin. Penne all'arrabbiata: tumatir, tafarnuwa, barkono. Pasta alla Norma, ta mutanen Sisili, da soyayyen yalo. Puttanesca, mai zaitun da 'yan ƙananan kifaye masu gishiri. Pizza margherita. Gasasshen kifi da lemon tsami, in kuna da lokaci. Sai wanda nake ci in na yi kewar gida, spaghetti aglio, olio e peperoncino. Ranar da aka fara ajiye mini shi dariya na yi, don taliya da mai da yaji ce sak, irin ta ƙofar makaranta, sai dai man zaitun ne a madadin manja, kuɗin kuma ba a magana. Amma ba na ba ka shawararsa a wannan daren. Tafarnuwarsa tana da yawa, kujerun tsofaffin gidajen wasan nan kuma a matse suke, kafaɗa da kafaɗa za ka yi sa'a biyu da rabi da baƙon da bai yi maka laifin komai ba.

Ka gargaɗi amarya tun wuri cewa taliyar za ta zo da ɗan tauri a tsakiya. Ba ɗanya ba ce, haka suke so, suna ce masa al dente. Uwargidana har yau cewa take wuta ce ba ta ishe ta ba.

A abin zaƙi ma akwai tarko. Tiramisu sau da yawa da giyar Marsala ko wata barasar ake jiƙa shi, panna cotta kuma da gelatin ake daskarar da ita, wanda yana iya zama na alade. Askirim ɗinsu, gelato, ko sorbetto na lemon tsami ya wadatar. In aka kawo muku wani ɗan ƙaramin kofi mai ruwan ɗorawa a ƙarshe aka ce kyauta ne daga gida, limoncello ne, barasa ce, ku yi godiya ku mayar. Ni dai shawarata kala biyu kacal da kofi espresso. Cikakken ciki, ɗaki mai ɗumi, fitila a kashe, ga gajiyar jirgi: na taɓa ganin dattijo yana minshari a layi na huɗu matarsa na zungurinsa da gwiwar hannu. Ga shi kuma ana sayar da askirim a cikin gidan wasan lokacin hutun rabin lokaci, don haka zaƙi ba zai wuce ku ba.

Disamba ta yi muku gata ta wajen salla. Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, don haka za ku iya yin Magariba a masauki ku fito. In kuna cikin gari, akwai masallaci a Goodge Street, tafiyar ƙafa ce daga Soho. Masu zuwa a watan Yuni su ne ke shan wahala, don Magariba tana kaiwa bayan ƙarfe 9, tsakiyar wasa.

Ka zaɓi gidan abincin da bai wuce tafiyar minti goma da ƙafa daga gidan wasanku ba, ka duba taswira kafin ka kama tebur, don West End ta fi yadda ake zato faɗi. Kada ka yi tunanin tasi, a wannan lokacin mai tafiya a ƙasa yana wuce mota. In ta jirgin ƙarƙashin ƙasa za ku zo, ku sauka a Leicester Square ko da Covent Garden za ku, tazararsu ba ta kai mita 300 ba. Tashar Covent Garden lifta ce kawai, layi ya yi tsawo, wanda ya gaji da jira kuma matakala 193 ke jiransa. Ku shiga gidan wasa ƙarfe 7, a duba jaka, amarya ta shiga bayan gida tun kafin layin mata ya kai bakin matakala.

In an tashi, wajen ƙarfe 10, kuma ba ku gaji ba, ku taka zuwa Frith Street. Akwai wani tsohon shagon kofi a can, Bar Italia, tun 1949 yake wurin, kuma yana kaiwa tsakar dare a buɗe. A nan muke zama ni da uwargida mu yi musun wanda ya fi iya wasa a cikin 'yan wasan. Ka ce wa amarya ta saka takalmi marar tsini, ta kuma riƙo rigar sanyi mai kauri.