Amsa ga mai tambayar kwanan daji da yara: ki gama girki a gida, ruwa kuma ya hau motarki

Assalamu alaikum. Maman ƴan biyu, tun da safe na ga tambayarki, hidima ce ta hana ni zama sai yanzu. Kin ce maigida ya ƙudura sai ya kai ku kwanan daji cikin hutun lakwal na Disamba, wai yara su ga yadda aka yi rayuwa kafin tele da waya, ke kuma tun tasowarki a kan gaz kike girki, ba ki san me za ki ɗora a wutar icce ba. Wallahi ina karantawa gabana na faɗuwa, don wannan ciwon na mazan birni na san shi, namu ma ya taɓa tasowa da shi. Su abin da suke hangowa shayi ne da hira a bakin wuta. Mai ciyar da mutane, mai wanke yaro, mai laluben takalmin da ya ɓace cikin duhu, ke ce.

Ban ce kar ki je ba, yara na jin daɗin abin ƙwarai. Amma girkin ki gama shi a gida, wutar can ki bar ta ga ɗumame da gashi. Ana gobe tafiya ki soya miya: albasa mai yawa, tamatir, tattasai, ki bar ta a wuta har ruwan ya tsotse mai ya taso sama. Kar ki sa nama a ciki, shi ke saurin lalata ta. Naman ki soya shi daban ƙayau, ko ki yi dambun nama, ko ki sayi kilishi ki huta. Cikin sanyin nan miyar tana kai ki washegari lafiya muddin kina tafasa ta safe da yamma. Da ita kin gama: makaroni minti goma ta nuna, burodi ma da ita za a ci. Wake ki manta da shi, cin icce gare shi. Tuwo ma haka, ba za ki so tuƙi kina durƙushe iska na zuba miki rairayi a tukunya ba. Ki riƙe garin rogo da ƙuli da mai da yaji da albasa, wannan ko ashana bai nema. Ki riƙe garin kunu da tsamiya don safiya. Dafaffiyar shinkafa kuwa kar ta kwana, a dafa daidai ciki a cinye.

Sai abin da ya sa na zauna rubutun nan. Duk abin da kin san ba za ki iya kwana babu shi ba, ya hau motar da kike ciki, ki gan shi da idonki kafin a tada mota. Ko wane ne ya ce zai biyo ku da shi, ki ce na gode ki ɗauki kayanki.

Mu gonar surukina muka je, can kan hanyar Dakoro, bayan an gama ɗaure hatsi. Motarmu ƙarama ce, yara da tabarmi da tukwane da ɗanyar shinkafa suka cika ta. Ƙanin maigida yana da mota mai buɗaɗɗen baya, shi ya ce a bar masa bidon-bidon na ruwa da butel ɗin gaz da barguna da fitila. Har yau maganarsa na kunnena: "Ku yi gaba, Yaya, kafin ku shimfiɗa tabarma na iso." Muka shimfiɗa tabarma. La'asar ta yi, rana ta yi ja, aka yi Magariba. Wurin ba rezo sai an hau wani tudu, maigida ya hau ya sauko ya fi a ƙirga, waya na shiga ba a ɗauka. Abin da ke hannunmu ragowar ruwan leda ne da muka sha a hanya. Ga shinkafa, ga tukunya, ba ruwan da za a zuba. Za ki ce me ya hana mu juyawa. Maigida ya ce in mun juya za mu yi saɓani da shi, a ƙara jira kaɗan. Ana ƙara jira kaɗan har dare ya yi, hanyar kuwa rairayi ce wadda ba a bi da ƙaramar mota cikin duhu.

Bayan Isha sanyi ya sauko. Ƴar uwa, sanyin fili daban yake da na cikin gari, ba katanga, ba komai, iska daga ko'ina take shigo miki. Ƙaramin nawa lokacin bai daɗe da yaye ba, ga tari. Na kwance zanen da na yafa na naɗe shi, na ƙara da hijabina, na sa shi cikin jikina ina jin ƙirjinsa na kurman-kurman. Wutar da muke da ita ta kara ce, ta tashi fuu ta mutu, sai a sake tarowa. Maigida ya shiga duhu da hasken waya neman icce, ya dawo da busasshiyar tumfafiya, hayaƙinta ya sa yara hawaye. Babbar ɗiyata ba ta yi kuka ba, wannan ya fi ƙona mini rai. Ta matso ta ce a hankali, "Mama, in Baba ƙarami ya zo za a dafa?" Na ce eh. Can ta sake tambaya, na sake cewa eh. Daga baya ta daina tambaya, ta kwanta a cinyata da yunwarta.

Allah ya saka wa wasu Fulani da alheri. Rugarsu na can gefe, sun hango wuta a gonar da suka san ba kowa, mai gidan ya zo dubawa da sandarsa. Da ya ga yara bai tsaya dogon zance ba, ya juya. Sai ga shi da matarsa, ita da ƙwaryar nono da gumba, shi da ruwan rijiya da bargo irin na saƙi. Matar ta dama ta miƙa wa yaran da hannunta. Mun ba su kuɗi sun ƙi, har mijin ya ɓata rai.

Shi kuwa gogan sai da hantsi ya iso, yana dariya tun daga nesa. Wai kokawar takobi ake nunawa a tele, ɗan jiharmu ne zai shiga fili, ya ce bari ya ga karo ɗaya, daga nan abokai suka riƙe shi, da dare ya yi ya ce ai Yaya ba zai bar yara da yunwa ba. Ya sauke butel ɗin gaz, babu kan da ake ɗora tukunya, ya baro shi gida. Ko "ku yi haƙuri" bai ce ba, sai ma tsokanar yaran da yake wai sun zama ƴan daji. Da muka dawo na kai ƙara wurin uwarsu, ta ce in yi haƙuri yaro ne. Yaro mai mata da ƴaƴa! Ɗana ya yi kwanaki muna zaryar likita da tarin nan, bai taka ya zo dubiya ba. Muna gaisawa, zumunci ya wuce wasa, amma ko cokali ban ƙara ba shi ajiya ba. Har yanzu in aka taru da salla shi ke fara ba da labarin yana ƙyaƙyatawa, ni kuwa sai in tashi in shiga ɗaki.

To, ruwa. Bidon ɗin nan na lita 25 kar ya ruɗe ki, tsakanin sha da girki da alwala da wanke yara guda ɗaya ba ya kai iyali ko'ina, ki ɗauki biyu ko uku. In ya kama ku sha na rijiya, ki tafasa ko ki sayi Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa, a farmasi. Wadda aka fi samu ƙwaya ɗaya ta lita 20 ce, a jira minti 30, amma ki duba takardar. Ki haɗa da farasetamol na yara da gishirin zawo. In babu shi, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Maganar murhu, kar ki sa rai da duwatsu uku, ƙasarmu rairayi ce, sai ki yi yawo ba ki samu dutse ɗaya ba. Ki tafi da murhun ƙarfe na maƙera da ɗan buhun gawayi. In babu, a haƙa rami siriri mai tsawo, faɗinsa bai kai gindin tukunya ba, a gitta ƙarfe biyu a kai. Iskar hunturu daga gabas da arewa take bugowa, ki sa mota ko tabarma ta tare miki wannan gefen. Busasshiyar sabara da kalgo da geza suna ci da kyau. Ɗanyen icce kar a sara, ba ya ci, kuma in ma'aikatan gandun daji suka gan ku tara ce. Tumfafiya da aguwa ki hana yara taɓawa, farin ruwansu in ya shiga ido bala'i ne, kar kuma wani ya feƙe su ya tsire nama. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ɗora tukunya wuta na balbali. Ki bari harshen ya faɗi garwashi ya yi ja, sannan ki ɗora. Kafin nan ki kwaɓa toka da ruwa ki shafe bayan tukunyar, baƙin da tokar zai fita wurin wanki.

Abin da yarana suka fi so ma ba wahala gare shi ba. Dankali ne, a tura shi cikin toka mai zafi a rufe da garwashi, a bar shi kamar rabin awa zuwa sama, in tsinke ya shige ya nuna. Ki ɓare ki barbaɗa yajin ƙuli. Burodi kuma a tsaga, a zuba sardin da albasa, a ɗan ɗora a gefen garwashi. Shayin ki bar wa maigida, tunda shi ya kawo shawara.

Na ga wata a nan ta ce miki ku je dajin Baban Rafi. Don Allah a'a. Duk mun san abin da ƴan bindiga suka yi wa garuruwan bakin iyaka, wajen Gabi da kewaye, ba wurin kwana da yara a fili ba ne. Madarunfa ku je da rana, daga Maraɗi bai kai tafiyar awa ɗaya ba, ku ga tafki, ku ziyarci kaburburan waliyyai 99 in kuna so, ku sayi kifi wurin masunta ku gasa, ku juyo kafin Magariba. Kar ki bar yara su shiga ruwan, kwantaccen ruwa shi ke sa tsargiya, sai ki ga yaro na fitsarin jini daga baya. Kwana kuwa a gonar dangi kusa da gari, inda za ku fara gaida mai gari ya san da ku. Ni burina Gadabeji ne, gandun nan na arewa da Dakoro da aka keɓe tun 1955, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018. Maigida ya ce sai yara sun ƙara girma, kuma can ba a shiga sai da izini da ɗan rakiya. Ni ma ban matsa ba.

Kar sanyi ya sa ku shigar da garwashi cikin tanti ko mota ku rufe. Iskar gawayi ba ta da wari, mutum na barci take kashe shi. Barguna ne maganin sanyi, da hula da safa ga yara. Sange ma ki tafi da shi ko ba sauro, ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa saboda kunama. Da safe a kakkaɓe kowane takalmi kafin a sa ƙafa. Kar yaro ya tura hannu cikin tarin kara ko rami, kububuwa nan take kwanciya, kuma in ta sari mutum ba ɗauri ba tsaga, mota kawai zuwa likita, shi ya sa ba a barin mota ta tafi ta bar ku. Takalmi rufaffe za ki sa musu, ƙarangiya ta bushe yanzu, in ta kama zane da safa sai kin yini kina cira. In yaro ya ƙone ki yi ta kwarara ruwa mai sanyi minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai.

In za ku tashi a kashe wutar da ruwa, a tona a ga ba ja, sannan a rufe da ƙasa. Ciyawar nan ita ce abincin dabbobin mutane har damina, gobara ɗaya ta cinye ta.

Murhuna na ƙarfe da ragar gashi suna nan ajiye, in kina so ki turo yaro ya karɓa. Ki faɗa mini kuma wajen da maigidan naki ya zaɓa, in wajen Tibiri ne ko hanyar Dakoro ina da mutane a can.