Amsa: Raba yaran ƙauye da shaye-shaye

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ku raba matasan ƙauyenku da ƙwaya. Mu a namu ƙauyen, wajen Ringim, ba da kamu muka fara ba. Mai unguwa da liman ne suka tara masu kemis a zaure, aka ja musu kunne kan tramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta tun 2018. Sholisho kuwa daga wajen masu faci yake fitowa, su ma mun zauna da su.

Ni dai a ganina rani ne babban bala'in. An gama girbi, yaro ba aikin fari ba na baƙi. Sai dattawa suka ba su aron fadama su noma albasa. Ƙanena na cikinsu, wallahi yanzu da asuba yake tafiya ban ruwa. Dillalin ƙwaya kam, NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, muke kira masa.