Amsar tambayar Yaya kan ƙaramar MP3 da za a saya wa Baba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na ga hotuna biyun da kika turo na 'yar MP3 ɗin da kike so a saya wa Baba don sauraren karatu da tafsiri, ɗaya mai sikirin irin na waya da ake shafawa wadda aka rubuta an rage rabin kuɗinta, ɗayar kuma mai maɓallai da ba a rage komai ba, kika ce wacce za a ɗauka. Rubutu zai yi tsawo shi ya sa na ce bari kawai in yi murya.

To ni dai a gaskiya mai maɓallan nan za a saya, ko da ta fi tsada. Ki duba yadda Baba yake amfani da abu mana. Zai fito daga masallaci bayan asuba ya jefa ta a aljihun gaba na riga, carbi a hannu ɗaya, idon ma sai da gilashi, kin ga ai abin da yake buƙata shi ne ya lalubo da yatsa ya ji wannan babban na tsakiya shi ne tsayarwa, na gefe shi ne ƙara sauti, ba sai ya ciro ta ya duba ba. Mai shafawar nan sikirin ɗinta bai fi faɗin akwatin ashana ba, yatsan babban mutum ya rufe rubutu uku a lokaci ɗaya, yana neman Suratul Kahfi sai ya tsinci kansa a wajen saita agogo. Ga zufa lokacin zafi, ga kaushin hannu lokacin hunturu, duk sikirin mai araha ba ya jin yatsa sosai. Kuma a aljihu da kanta za ta riƙa tsallake karatu in ba a kulle ta ba.

Wannan fa har manyan kamfanoni sun gwada. Apple a 2009 sun fitar da iPod shuffle da suka cire mata maɓallai daga jiki, suka mayar da su kan wayar iyafis, wai don ta ƙara ƙanƙanta, mutane suka yi ta ƙorafi saboda in iyafis ɗin ya lalace ba kowane iri ne zai ba ka damar sarrafa ta ba, a 2010 sai ga shi sun dawo da maɓallan. Ita kuwa Sansa Clip ta SanDisk da ta fito a 2007, ba wani kyan gani gare ta ba, roba ce da ɗan sikirin da abin maƙalawa a riga, amma har yau masu ita suna yabonta. Ita iPod ɗin ma gaba ɗaya an daina yin ta tun 2022, saboda haka in wani ya nuna miki wadda ta yi kama da ita a PZ ko kasuwar Sabon Gari ya ce sabuwa ce daga kamfani, kwaikwayo ce ko tsohuwar ajiya.

Sai maganar rangwamen. Yaya, ragin da ake rubutawa a shagunan intanet sau da yawa kuɗin farko da aka ja wa layi ba a taɓa sayar da kayan a kansa ba, an ɗora shi ne don na biyun ya yi daɗin gani. Ki ɗauki sunan na'urar ki tambayi shago biyu uku, za ki san ainihin kuɗinta. Wani lokacin kuma ragin na gaske ne amma dalilinsa kaya ya daɗe a sito, shi kuwa batirin waɗannan abubuwan ko ba a taɓa shi ba yana raguwa in ya jima a ajiye, balle a zafi irin namu. Batirin kuma a manne yake a ciki, ba kamar na tocila ba da za ki cire ki sa wani. Araha ba ta ado, kuma ni abin da ba na so shi ne a kai wa Baba abu ya yi murna ya sa albarka, bayan wata biyu ya koma sai an jona shi a caji sannan ya yi magana, da wannan wutar tamu.

Abu guda da nake roƙo a gwada kafin a biya, don wallahi shi ne ya fi komai muhimmanci wajen mai jin tafsiri: a kunna karatu mai tsawo, a bar shi ya kai tsakiya, a kashe na'urar gaba ɗaya, a sake kunnawa. In ta ci gaba daga inda aka tsaya to madalla. In ta koma farko a ajiye musu abinsu. Zaman tafsiri ɗaya yakan wuce awa, mutum ya saurari minti 40 aka kira salla, ya dawo a ce ya danne maɓalli yana jan karatun har ya gano inda malam ya tsaya, ai ba zai jure ba, ajiye ta zai yi. Mai jin waƙa ta minti biyar wannan bai dame shi ba, shi ya sa masu shago ba sa ma ambatonsa.

Memori kuma kar a ruɗe ki da manyan lambobi. MP3 na yau da kullum minti ɗaya yana cin kusan mega ɗaya ne, kin ga giga 8 zai ɗauki sama da awa 100, Alƙur'ani sukutum ya shiga har da sauran wuri. Da yawa daga ƙananan nan ba sa karanta katin da ya wuce giga 32, sannan akwai katunan jabu da ake rubuta musu lamba babba, sai an cika su a ga fayil ya ƙi buɗuwa. A sayi ƙarami mai kyau ya wadatar.

A duba tana da ramin iyafis na waya, kar a ce bulutut kaɗai, don wannan ƙarin abin caji ne, kuma in tana da rediyon FM wayar iyafis ɗin ita ce eriyarta. Bakin cajinta ma in an samu irin na wayoyin yanzu ya fi, caja ɗaya ta ishi gida.

In an saya a ba yaran su kawo min Samaru, ni zan zuba karatun. Zan sa wa surorin lamba daga 001 har 114, don in aka rubuta 1, 2, 10 haka kawai wasu na'urorin sai su jera ta goma kafin ta biyu. Yaya ki tambaye shi tafsirin wane malami yake so a fara sawa, sai in nemo kafin Juma'a in sha Allahu.