Messager ne ya tsara Pelléas ko Debussy?

Malam, ka tambaya me ya sa sunan André Messager ke fitowa duk inda aka ambaci wasan opera (wasan kwaikwayo da ake rera shi cikin waƙa da kiɗa) na Pelléas et Mélisande. Ba shi ya tsara kiɗan ba, aikin Claude Debussy ne. Messager shi ne jagoran makaɗa da ya fara gabatar da shi ranar 30 ga Afrilu, 1902, a gidan Opéra-Comique na birnin Paris, inda yake shugabantar sashen kiɗa tun 1898.

Amma kada ka ɗauka aikinsa kawai shi ne kaɗa sandar da ake jagorantar makaɗa da ita. A lokacin gwaji aka gano cewa gajerun kiɗe-kiɗen da ke tsakanin fitowa da fitowa ba sa isar ma'aikata su sauya kayan dandamali. Sai kiɗa ya ƙare ba a gama shiri bayan labule ba, dole Debussy ya tsawaita su cikin gaggawa. Irin wannan matsala ba ta bayyana a takarda, sai jagora ya auna kiɗan da aikin dandamali. In kuwa kiɗan Messager na kansa kake nema, fara da wasanninsa na waƙa, wato Véronique na 1898, sannan Fortunio na 1907, wanda a ganina ya fi nuna gwanintarsa.