Bayan aikin rage tumbi: gashi na zuba, tuwo ya ƙi zama

Tambaya: Dokta, barka da aiki. Ni mace ce mai shekara 36, ina zaune a unguwar Birni, nan Damagaram. Wata huɗu ke nan da aka yanke mini tumbi a Tunisiya, saboda ƙiba da ciwon suga da gwiwoyin da suka hana ni sallah a tsaye. Na shiga da kilo 124, yau ina 101, suga kuma ya sauka, alhamdu lillahi. Sai dai gashina na zuba, in na miƙe jiri ya ɗebe ni, tuwo kuwa loma uku sai amai. Koko da shayi kaɗai ke shiga. Uwar mijina ta ce wannan ramar ba ta lafiya ba ce. Ko aikin ya ɓaci? Zan iya azumi? Yaushe zan iya ɗaukar ciki?

Amsa: Hajiya, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Daga abin da kika faɗa ban ga alamar aikin ya ɓaci ba, kuma saukar kilonki tana kan hanya: yawancin waɗanda aka yi wa irin aikinki suna rage wajen kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa wata 18. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne kokon nan da shayi.

An cire miki kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi. Abin da ya rage siririn bututu ne da bai wuce cin ludayin fura guda ba. A ɓangaren da aka cire ne ake samar da mafi yawan sinadarin da ke sa mutum jin yunwa, shi ya sa za ki wuni ba ki nemi komai ba. Amma jiki bai daina buƙata ba don yunwa ta yi shiru. Yana neman aƙalla giram 60 na furotin kullum, wato abincin da ke gina tsoka, in bai samu a kwano ba sai ya ci naman jikinki. Koko gari ne da ruwa. In ya cika ɗan wurin nan, me ya rage wa abin da zai riƙe ki?

Don haka ki sauya tsarin kwanonki. Mai gina jiki shi ne farko: dafaffen ƙwai, wanda guda ɗaya ke da wajen giram 6, kindirmo ko nono ba suga, awara da aka dafa cikin miya maimakon soyawa, kifi, naman kaza da ya dahu luguf, wake da aka cire wa ƙwanso aka dama. Bayansu ganye, kamar zogale da ya dahu sosai. Tuwon hatsi shi ne na ƙarshe, loma ɗaya ko biyu, mai laushi, da miya da yawa. Kilishi, tsire da soyayyar fara ki ɗan jinkirta musu, suna da tauri. Kokon ma in za ki sha, ki zuba masa madarar gari.

Yadda ake ci ma magani ne. Mu nan mun saba haɗuwa a kwano ɗaya, hannu na bin hannu, a gama cikin minti biyar a kora da ruwa. Wannan shi ke sa ki amai. Ki zuba naki a ƙaramin faranti, ki ɗauki ƙaramin cokali, ki tauna har ya zama ruwa, ki ba shi minti 20 zuwa 30. Da kin ji nauyi a ƙahon zuci, ko shaƙuwa, ko yawu ya taru a baki, ki aje cokali, ko da saura loma guda. Kada ruwa ya haɗu da abinci, ki bar rabin awa tsakaninsu, gaba da baya.

Jirin nan, ƙishi nake fara zargi. Kina buƙatar lita ɗaya da rabi a rana, wato ledar ruwa uku mai rabin lita, kuma ba ki iya kwankwaɗa. A zafin Afrilu da Mayu na Damagaram, da ke haura digiri 40, abin ya fi haka. Ki riƙe gora a hannu kina kurɓa daga asuba har kwanciya. In fitsari ya yi ja, ruwan bai isa ba. Abu na biyu, in har yanzu kina shan maganin tansiyo, wato hawan jini, ko na suga a ma'aunin da kike sha kina kilo 124, mai yiwuwa ya yi miki yawa. Ki kai wa likita ya duba, kada ki rage da kanki. Shayin da ganye ya yi wa yawa kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, suga mai yawa, ko a fura ko a alkaki, na iya kawo bugun zuciya da zufa da gudawa jim kaɗan bayan an sha.

Zubar gashi tsakanin wata na 3 da na 6 abu ne da aka sani, yakan tsaya ya sake tohowa in abinci ya gyaru. Ki sassauta kitso, ki bar man shafe-shafe masu tsada.

Amai ne ba na wasa da shi. In kin gyara cin abinci mako guda bai tsaya ba, ko ruwa ma ya fara dawowa, a duba ko bututun ya ƙuntata. Amai in ya daɗe yana hana jiki samun bitamin B1, ajiyarsa a jiki ba ta wuce mako biyu zuwa uku, rashinsa kuma yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ƙafa ta mutu, ko tafiya na tangaɗi, ko kina ganin abu biyu-biyu, ko mantuwa ta zo: ki tafi babban asibiti a ranar, da takardun aikinki, ki ce a ba ki B1 kafin a ɗaura miki ƙarin ruwa mai suga. Ƙwayoyin bitamin da aka rubuto miki, da B12, da na ƙarfe, da kalsiyam da bitamin D, na tsawon rai ne. In sun ƙare, ki kai kwalin farmasi a nemo makamancinsa. Ibuprofen da diclofenac na masu tallar magani kuwa ki nisance su, suna gyambata tumbi. Paracetamol ya ishe ki.

Azumi, shawarata ki bar shi a shekarar farko. Tsakanin magariba da asuba ba za ki iya shigar da ruwan da abincin da kike buƙata ba, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Ki tambayi malaminku hukuncin ramuwa. Ciki kuma ki jira wata 12 zuwa 18, har nauyi ya tsaya. Haihuwa takan buɗe da wuri in ƙiba ta sauka, ko ga wadda ta daɗe tana nema, saboda haka ku yi maganar tazara da maigida tun yanzu.

Ita kuwa Inna, uwar mijinki, kulawa ce ta sa ta magana, domin mun taso muna ganin ƙiba alamar hutu, rama alamar ciwo. Ki tafi da ita ranar awon jini na wata shida, a duba yawan jini, ƙarfe, B12, bitamin D da suga, ta ji bayani daga bakin likita. Gwajin da ba a samu a nan ba ki nema a Yamai, ki maimaita a wata na 12, daga nan kuma sau ɗaya kowace shekara.