Tambaya da Amsa: Tsubar (faifan takobin Japan) da aka sayo mini, ƙira ce ko zubi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatu a Osaka ya sayo mini wani faifan ƙarfe a kasuwar tsofaffin kaya, irin wanda ake sa wa takobin Japan tsakanin ƙota da ruwan takobi. Mai kayan ya ce tsohon aiki ne, kuma akwai suna a jikinsa. Ta yaya zan gane na gaske ne? Sannan zan iya goge tsatsar da sanfefa?

Amsa: Wa alaikumus salam. In fara da ta ƙarshe, don ita ce ta gaggawa: ajiye sanfefar nan. Duhun da ka gani a jikin ƙarfen shi ne rabin darajarsa, kuma in ka kankare shi ba ya dawowa yadda yake. Jar tsatsa kaɗai ake cirewa, ita ma da guntun ƙaho ko ƙashi, a hankali, a bi da tsumman auduga.

Sunan wannan faifai tsuba. Yawancin tsofaffin da ke yawo a kasuwa na zamanin Edo ne, 1603 zuwa 1868. Da aka hana samurai, mayaƙan Japan na da, yawo da takobi a 1876, kayan suka cika kasuwa, Turawa suka yi ta kwasa, masu zubi kuma suka ga hanyar ci. Har yau ba su daina ba.

Saboda haka kada ka fara da sunan, fara da ƙarfen. Tsubar baƙin ƙarfe ta ƙwarai dukan guduma ce, maƙeri ya huda ta, ya sassaƙa ta da hannu. Ta bogi kuwa narkawa ake yi a zuba a gurbin da aka ɗauko daga jikin wata ta gaske. Fita da ita hasken safe, ka karkata ta, ka bi bakinta da cikin hujojin adon da ido da farce. In ka ji wani siririn layi ya zagaye, kamar ɗinki, nan ne ɓari biyu na gurbin suka haɗu. Wasu sukan goge na waje su manta da na cikin lungu. Ƙananan ramuka kamar na ƙuraje, da zanen da ya yi laɓo-laɓo ba kaifi, su ma alamar zubi ne.

Inda na fi kama su shi ne ramin tsakiya, wanda gindin takobi ke shiga. A sama da ƙasansa akan cusa ɗan jan ƙarfe, sekigane, don tsuba ta zauna daram ba girgiɗi. Na taɓa riƙe wata da ta burge ni ƙwarai, sai da na duba na ga sekiganen nata baƙi ne, jiki ɗaya da faifan. Mai zubin ya kwafo siffarsa, bai iya kwafo jan ƙarfen ba. Amma rashinsa gaba ɗaya ba laifi ba ne, akwai na gaske da ba su da shi.

Duk wannan a kan baƙin ƙarfe nake magana. Masu taushi irin shakudo, jan ƙarfe mai ɗigon zinariya, da shibuichi mai azurfa, aikin maƙeran fari ne, awonsu daban.

Sai sunan. Jabun sa hannu, gimei, ya yi yawa har masu tara kaya sukan fi sakin jiki da tsuba mai kyau marar suna. In ka ga sunan Nobuie ko Kaneie, shahararrun maƙeran tsuba na da, a kan abin da aka saya da kuɗin abincin rana, ka san araha ba ta ado. Kuma tsuba na iya zama tsohuwa ta gaske, sunan ne aka ƙara daga baya.

Masu yanke hukunci su ne ƙungiyar NBTHK ta Tokyo, mai kula da adana takubban Japan, wadda aka kafa a 1948. Takardar shaidarsu ta matakin farko ana ce mata Hozon, kuma ba sa ba da ita ga mai jabun suna. Sai dai dole kayan su je gabansu, yawanci ta hannun dillali, kuma kuɗin hidimar na iya fin kuɗin tsubar. Kafin ka kai can, turo mini hoto uku a hasken rana: fuska, baki ta gefe, da ramin tsakiya kusa-kusa.